Wanda Ya Taɓa Naman Abba

Kafin ku cika min ƙasan rubutun nan da wa'azi, ku bari in kai aya. Na san akwai masu cewa ni na jawo wa kaina, kuma ba zan yi musu ba. Saura wata biyu aurena da mutumin da na zaɓa da kaina, na buɗe wannan bakin nawa a gaban mahaifina na wargaza komai. Haushin kowa nake ji yanzu, amma na kaina ya fi yawa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, a ɗakin gwajin nama na wani asibiti nake aiki. Ni ba likita ba ce, ko da yake dangi sun ƙi yarda, kowa da ciwon bayansa sai ya kira ni. Duk abin da aka ciro daga jikin mutum a tiyata wurinmu ake kawo shi, a cikin wani ruwan magani da ake kira fomalin, mai hana nama ruɓewa, mai warin da ke sa ido hawaye. Shugabarmu, da muke ce wa Dakta kawai, ita ke fara karɓa. Ta auna, ta ɗauki ɗan buroshi ta shafe bayan naman kaf da tawada, sannan ta yayyanka. Ni kuma in daskarar da yankan a cikin kaki irin na kyandir, in fere shi da inji har ya fi bawon albasa siranta, in ɗora a gilashi in rina, in miƙa mata ta duba a madubinta mai ƙara girman abu.

Amfanin tawadar shi ne ta nuna inda wuƙar likitan tiyata ta tsaya. Idan ciwon daji ya tsaya can ciki bai kai gare ta ba, an kwashe shi duka ke nan. Idan ya taɓo ta, an bar saura a jikin mutum, sai a bi shi da gashi, wato a ƙone shi da hasken inji. Duk warin da muke sha a ɗakin nan, saboda wannan gefen muke shan sa.

Shi kuwa mutumin nawa tuƙi yake koyarwa. Birki nake ce masa, tun ranar da na je koyon mota ya ce min "taka birki" sau goma sha ɗaya kafin mu fita daga fili. Na ƙirga. Har yau ban iya ribas ba, amma na samu miji, ko in ce na kusa. Sanyin halinsa har haushi yake ba ni, in kin taka shi sai ya tambaye ki ko ba ki ji ciwo ba. Da aka gano kansa a furostet ɗin Abba, wato ɗan ƙullutun naman da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, shi ya yi ta jigilarmu asibiti har wata huɗu a motarsa mai birki biyu. Abba da ba ya yabon kowa har ya taɓa cewa, "Yaron nan ba laifi." A gidanmu wannan lambar girma ce.

Sai kun san Abba za ku gane sauran. Tsohon hedimasta ne, maganarsa ɗaya tak. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa yi masa ƙarya a kan wata takarda, Abba ya yi shekara goma sha ɗaya bai ce masa uffan ba, har ƙasa ta rufe idon mutumin. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ɗauke kai kawai yake yi. Umma ta yi shekara talatin da huɗu tana takatsantsan da wannan halin.

Ranar wata Juma'a aka yi tiyatar, a wani asibiti daban da namu, can ɗaya gefen gari. An fito da shi bayan la'asar, ɗakin gwajinmu kuma, inda za a kai naman, ya riga ya rufe sai Litinin. Ina can ina gudun neman jini da allurai, nas ta miƙa wa Birki kwalbar naman a leda, da takarda. Ya kira ni.

"Likitata, an ba ni amana. Ya zan yi da ita?"

"Kar ka buɗe. Kar ka sa a firij. Kar ta kife. Litinin da sassafe ka kai wa Dakta hannu da hannu."

"An gama, ranki ya daɗe."

Ya ɗauki Umma ya kai ta gida ta huta, ni na zauna jinya. Na ɗauki hutun kwana goma a wurin aiki, dama kuma dokarmu ce ma'aikaci ba ya taɓa naman danginsa, ko kallonsa ba ya yi. Ranar Litinin ƙarfe takwas da kwata saƙonsa ya shigo: "Na isar. Ki ci abinci don Allah." Har da ɗan hoton zuciya na tura masa, ni sakarya.

Talata aka sallami Abba da robar fitsari da jakarta a maƙale a cinyarsa. Laraba da hantsi Dakta ta kira ni ta ce in zo ofishinta. Dakta ba ta kiran mutum don gaisuwa. Na zura baƙar doguwar rigata, na yafa mayafin da na samu a kan kujera, sai a mota na lura da silifas ɗin banɗaki na fito.

"Zauna," ta ce. Ta cire tabarau ta ajiye a kan takardar da ke gabanta. "Wa ya kawo naman mahaifinki?"

"Wanda zan aura ne, Dakta."

"A ruwan famfo ya zo. Kuma ya yi ƙanƙara ya narke. Wannan duk da sauƙi, zan lallaɓa in karanta cikinsa. Amma an gyara shi."

"Gyara kamar yaya?"

"Yadda kika ji. An bi bayansa da wuƙa an fere. Ba kitse, ba yana, sumul. Shekara ashirin da shida ina wannan aikin ban taɓa gani ba. Na rasa inda zan shafa tawada, don gefen da likita ya yanka ba ya nan."

Na tambaye ta abin da na riga na sani, ko za ta iya cewa an kwashe ciwon duka. Ta girgiza kai. Ta ce abin da za ta rubuta shi ne ba a iya tantance gefe ba. Likitansa zai riƙa bin sa da gwajin jini, ko a jira a ga abin da zai taso, ko a yi masa gashin da wataƙila ba ya bukata. Tsoho mai shekara sittin da takwas ya sha wuƙa awa huɗu don a samu amsa ɗaya, an fere amsar an zubar.

Daga nan filin koyon mota na wuce. Yana tsaye yana jera wa wata mata tayoyi, da farar rigarsa mai gajeren hannu da hular rana. Da ya hango ni ya fara murmushi, da ya ga fuskata ya haɗiye shi.

"Ka buɗe kwalbar?"

Ya kalli ƙasa.

"Da kai nake. Abu uku na ce maka, uku kacal. Ka buɗe?"

Ya cire hular ya riƙe da hannu biyu. Matar nan tana ta danna hon a bayanmu.

"Ni ne," ya ce.

"Kai ne me?"

"Ta zube a mota. Na ga ya yi datti, na wanke."

"Ka fere kuma?"

Ya ɗago da sauri ya kalle ni, sannan ya mayar da kai. "Na fere."

Ba zan rubuta muku duk abin da na faɗa masa ba, akwai yara a cikin masu karatu. Na ce masa jahili. Na ce in Abba ya mutu shi ya kashe shi. Na ce wanda ke wuni yana koya wa mutane bin doka ya kasa bin guda uku. Bai ce komai ba sai "ki yi haƙuri", wannan kuwa ya ƙara tunzura ni.

Da na shiga gida Abba na kishingiɗe a ɗakinsa, an tokare masa baya da filo uku, rediyonsa a kan ciki. Umma na durƙushe tana juye jakar fitsarin a bokiti. Ta kalli fuskata sau ɗaya ta miƙe.

"Auta, zo mu je kicin."

"A'a, Umma, a nan zan faɗa."

"Ki bari ya warke mana tukuna. Auta! Don girman Allah."

Ta riƙo hannuna, na fizge. Na zayyana wa Abba komai, ban rage ko ɗaya ba, har da gishiri. Ya saurara har na gama, ya kashe rediyon.

"Ɓarna kowa na yi," ya ce a hankali. "Amma jiya ya ɗauko ni daga asibiti, ya kwantar da ni a gadon nan da hannunsa, ya kalli idona bai faɗa min ba. Ba zan ba irin wannan 'yata ba. Ranar da aka cire min robar nan zan kira mahaifinsa. Ba zan yi maganar manya da jakar fitsari a gefena ba."

A lokacin daɗi na ji. Ku rubuta ku ajiye, daɗi na ji, kamar na rama wa ubana. Umma ta ɗauki bokitin ta fita, na ji ta daɗe a banɗaki famfo yana zuba.

Kwanakin da suka biyo baya wayata ba ta huta ba. Gwaggo, yayar Abba, ta turo min murya ta minti bakwai: "Ke yanzu a kan ɗan tsoka za ki kashe aurenki? Shekararki nawa? 'Yan bayanki a dangi duk sun haihu. Ke ba a nan kike aiki ba? Ki ce wa matar ta rubuta lafiya ƙalau mana, kowa ya huta." Ban ba ta amsa ba. Shi kuwa Birki kullum da safe saƙo ɗaya: "Ya jikin Abba?" Ina gani in share. Kayan ɗakina da aka fara tarawa a ɗakin baƙi, labule da tukwane da zannuwan gado, na ja ƙofa na kulle don kar in riƙa ganinsu. Umma ta daina cin abinci sosai, na ɗauka wahalar jinya ce.

Jiya Litinin hutuna ya ƙare. Jiyan ce kuma aka ba Abba ya je a cire masa robar, maƙwabcinmu ya kai shi da safe. Na sa farar rigata ta aiki, na ɗaure gashina, na shiga ɗan ɗakin ajiya ɗauko kaki. A nan muke jera ragowar nama, kowanne da lambarsa, kwalabe iri ɗaya reras a kan kanta. A ƙarshen layi na biyu akwai ɗaya da ba irinsu ba, Dakta ta ajiye ta shaida, ta manna mata lambar Abba.

Robar abinci ce mai jan murfi. Gefe ɗaya na murfin ya narke ya lanƙwashe. Ni na narkar da shi, ina aji uku na sakandare, da na jingina shi da tukunya mai zafi, har Umma ta ja min kunne. Daga kabad ɗin kicin ɗinmu ta fito, na ƙasa, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa.

Na tsaya riƙe da kaki ina kallonta. Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta dawo daga yawo. Mutumin da ko lemo ya fere sai ya cinye rabin tsokar, shi ne zai bi nama da wuƙa ya fito sumul? Hannun da ya yi wannan aikin ya daɗe yana yi. Na ɗauki hoton robar, na ce wa Dakta kaina na ciwo, na tafi gida.

Na samu Umma a kicin tana yanka albasa, da tsohuwar rigarta mai ruwan ƙasa ta aikin gida. Ban yi sallama ba. Na ajiye wayar a kan katakon yankan, kusa da hannunta. Ta kalli hoton, ta ajiye wuƙar a hankali, ta jawo ƙofar kicin ta rufe.

"Shi ya faɗa miki?"

"Bai faɗa min komai ba. Ya tsaya na zage shi tas a gaban mutane."

Ta zauna a kan kujerar tsugunno. "Ya ce motarsa 'yan koyo za su yi ta jijjiga ta Asabar da Lahadi, kar ta kife. Na ce ya bar ta nan. Ya gaya min kar a buɗe, wallahi ya gaya min. To wari ya cika min ɗaki, ido na yi min yaji. Na ce bari in leƙa kawai. Auta, da kin ga ruwan! Jini-jini, duk gudaji, ga kitse na reto. Naman mahaifinki ne fa. Na ce haka za a kai shi wurin aikin 'yata, abokan aikinta su ga ƙazanta, su ce daga gidansu ya fito?"

"Sai kika gyara."

"Na wanke na sa a firiza kar ya lalace, kuma kaɗan na cire. Na bayan nan kawai, marar amfani."

Marar amfani! Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"Ina abin da kika cire?"

"Na naɗe a farin ƙyalle na binne a gindin bishiyar tsakar gida. Ba zan zuba shi a shara ba ai." Ta ɗago da wani irin fata a idonta. "In an tono zai yi?"

"Kwana goma a ƙasa, Umma? Ba zai yi ba."

Ta ce ranar Litinin ɗin da Birki ya zo ɗauka ya ga an canja roba, ya tambaya. Ta ce masa ruwan kawai ta sake, ta roƙe shi kar ya gaya min don na fiye faɗa. Bai san da maganar wuƙa ba sai daga bakina, a filin nan. A tsaye ya lissafa wanda ya yi, a tsaye ya ɗauka ya ɗora wa kansa.

"Shekara biyar ina aikin nan," na ce, "kin taɓa tambayata me nake yi?"

"Ke kin taɓa zaunar da ni kin gaya min? Kullum sai dai ki ce, Umma ba za ki gane ba."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na yi wa ɗalibai baƙi bayanin tawada ya fi sau ɗari, ban taɓa yi wa matar da ta haife ni ba. Duk da haka ban sassauta ba.

"Kina tsaye a ɗakin nan aka yanke masa hukunci. Kwana biyar kina kallona ina kulle kayan aurena. Ba ki ce komai ba."

Ta sauko daga kujerar ta kama ƙafata. Uwata, da furfurarta, a kan simintin kicin.

"Kin san mahaifinki. In ya ji ni ce, kuma na yi shiru, ba zai sake ni ba, da ma zai yi da ya fi sauƙi. Zai daina cin abincina. Zai daina kiran sunana. Yanzu da ba shi da lafiya, wa zai wanke shi? Wa zai yarda ya taɓa shi in ba ni ba? Ke yarinya ce, Auta, Allah zai kawo miki wani."

Allah zai kawo min wani. Kamar takalmi na ɓatar a masallaci.

Na zare ƙafata na shige ɗakina. Na buɗe saƙonninsa da na yi kwanaki ina sharewa, na rubuta: "Na ga robar."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can ya turo: "Kar ki faɗa masa."

"Ka sa na zage ka. Ka sa na kai ƙararka da bakina."

"Mahaifiyarki ce."

"Ni kuma fa? Ni wace ce? Ka zaɓa mata, ka zaɓa wa kanka, ni ba ka tambaye ni ba."

"Na ɗauka zai huce."

"Ba ka san Abba ba."

"To zan jira."

Zai jira! Shekara goma sha ɗaya wani ya jira bai samu ba. Na jefar da wayar a kan gado. Kowa a labarin nan mutumin kirki ne, kun lura? Ita ta yi don mutuncin mijinta, shi ya yi don mutuncinta, ni na yi don ubana. Ga shi nan duk kirkinmu ya taru a kaina, Abba kuma har yanzu ba wanda ya san ko akwai saura a jikinsa.

Bayan azahar na ji tsayuwar mota. Abba ya shigo da ƙafarsa, ba jaka, ba roba, yana takawa a hankali. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta fita wadda aka goge, har da agogo, ya zauna a kujerarsa ta falo kamar mai jiran baƙi.

"Auta."

"Na'am, Abba."

"Zo nan. Ban ga tabarauna ba. Nemo min lambar mahaifin yaron nan."

Ya miƙo min wayarsa. Umma ta fito daga kicin da faranti a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta zuba min ido.

Na nemo lambar. Na tsaya.

"Kin samu?"

"Na samu."

"To danna mana."

Na danna. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. A ta uku aka ɗauka, muryar tsohon ta cika falon, da fara'arsa.

"A'a, surukina da kansa! Ya ƙarfin jiki? Yanzu muke maganar ɗinkin biki."

Abba ya miƙo hannu ya kama wayar ta sama. Ya ja, ban saki ba. Ya sake ja, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Auta," ya ce, "akwai abin da za ki faɗa min ne?"